Shin Kare Yana Da Haƙƙi A Kanmu?

A ƙasar Ruma, daga Batsari har Safana, tsofaffi suna tuna yadda a kan fita farauta a gefen Dajin Rugu bayan an gama kai amfanin gona gida, kowane saurayi da gorarsa, karnuka suna gaba. Kare ne ke kutsa kai cikin ƙaya ya ta da zomo, shi ke tonon ramin gafiya, da dare kuma shi ke kwana a ƙofar gida yana tsaron awaki. Amma in an komo an raba nama, sau da yawa rabonsa jifa ne. In mutum ya so ya yi wa ɗan'uwansa zagi mai zafi, da sunan kare ya ke zaginsa. To, ga tambayar da za mu duba a wannan wata: dabbar da ta yi mana aiki haka, tana binmu bashi, ko kuwa kayan aiki ce kawai kamar fartanya, wadda in ta lalace sai a yar?

Domin mu ga amsar sarai, bari mu fara da labarin wani irin kare na ƙasar Jamus, wanda su ke kira Dachshund. In ka gan shi za ka yi dariya. Jikinsa dogo ne kamar taɓarya, ƙafafunsa gajeru ƙwarai, kunnuwansa suna reto, nauyin babbansa kuwa tsakanin kilo 7 ne da 15. Ba haka kakanninsa su ke ba. Mafarautan Jamus ne su ka so karen da zai iya shiga rami ya fito da wata dabba mai faɗa, 'yar'uwar dagen ƙasarmu. Sai su ka riƙa zaɓen masu gajerun ƙafafu suna haɗa su, tsara bayan tsara, har su ka sami siffar da su ke so. Ma'anar sunansa ma ke nan, watau karen farautar wannan dabba.

Amma siffar nan ba a banza ta zo ba. Tsakanin ƙasusuwan bayan kowace dabba akwai guringuntsi mai taushi, kamar matashi. A jikin wannan kare abin nan ya kan taurare tun yana ƙarami, wata rana kuma ya fashe ya danne lakar baya. Sai kare ya kama kuka saboda zafi, wani ma ƙafafunsa na baya su shanye. Likitocin dabbobi sun ce wajen ɗaya cikin huɗu ko biyar na irinsa su kan gamu da wannan ciwo. Saboda haka mai kiwonsa ba ya barinsa ya yi ƙiba, ba ya barinsa ya diro daga kan gado ko kujera, in zai ɗauke shi kuma sai ya sa hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin gindi, don kada bayan ya lanƙwashe. Haka zai yi shekara 12 ko har 16, gama karen yana da tsawon rai.

Halinsa ma haka ya ke. Yana da haushi da ƙarfi, domin an so maigidansa ya ji muryarsa daga cikin rami. Yana tona ƙasa, domin aikin da a ka yi shi dominsa ke nan. Yana da taurin kai, domin a cikin rami ba wanda zai gaya masa abin da zai yi. Wanda ya kawo shi gida, sa'an nan ya doke shi don ya tona masa lambu, ya doke shi ne saboda abin da mutane su ka dasa a cikinsa da hannunsu.

Ka ga amsar tambayarmu ke nan, ya mai karatu. Dila a daji ba ya binmu kome, gama ba mu kira shi ba, shi ke neman abincinsa, shi ke tsare kansa. Amma kare mu ne mu ka raba shi da daji, mu ka juya jikinsa da halinsa don amfanin kanmu, har ya zama ba shi da wurin zuwa sai ƙofarmu. Abin da ka mai da shi mai dogara gare ka, nauyinsa ya hau kanka. Karen Ruma ba shi da dogon baya irin na Bajamushe, amma shi ma ranar da ka ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo, ka raba shi da uwarsa, ran nan ka ci bashi. Bashin nan kuwa kashi uku ne.

Na fari, lafiyarsa. Kare ba ya zufa a jiki kamar mutum, da haki ya ke rage zafi. Saboda haka wanda ya ɗaure shi a rana cikin bazara, ba inuwa ba ruwa, azaba ya ke ba shi. Kwano ɗaya na ruwa mai tsabta da gindin bishiya ba su fi ƙarfin kowa ba. A ba shi rabonsa na tuwo kowace rana, kada a jira sai abin da ya lalace. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, gama ya kan tsage ya soke hanji. Albasa mai yawa kuma tana ɓata masa jini. A riƙa cire masa kaska, a nemi maganin tsutsar ciki da na ƙazwa wurin malamin dabbobi. Abin da ya fi duka shi ne allurar ciwon hauka, tun yana wata 3, a kuma sake ta kowace shekara. A Vom, kusa da Jos, akwai ma'aikatar binciken ciwon dabbobi tun 1924, tana kuwa yin wannan allura.

Na biyu, sanin halinsa. Kare ba ya cizo haka kawai. Tsoro ne, ko ciwo, ko yana tsaron abincinsa ko 'ya'yansa. Kafin ya yi cizo ya kan yi gurnani, ya ɗage leɓe, gashin bayansa ya tashi. Wannan gargaɗi ne, sai a ja da baya. Ku koya wa yara kada su taɓa kare yana cin abinci ko yana barci, kada kuma su mai da jifansa wasa. Yaron da ya saba jin daɗin kukan abin da bai iya rama ba, ba a kan kare kaɗai zai tsaya ba.

Na uku, horo. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A koya masa abu ɗaya ɗaya, da kalma guda wadda dukan mutanen gida za su riƙe, kamar "zo" ko "zauna". In ya yi daidai, a ba shi ɗan abin taɓawa nan da nan, gama kare ba ya haɗa lada ko hukunci da abin da ya wuce tun ɗazu. In ka kira shi ya zo, sa'an nan ka doke shi saboda ƙwan da ya sha da safe, abin da ka koya masa shi ne zuwa wurinka haɗari ne. Sanda tana koya tsoro, matsoracin kare kuwa shi ne mai cizo.

Watakila wani zai ce, "Ashe ba abin kunya ba ne a yi zancen kare, ga mutane cikin wahala?" Maganarsa tana da nauyi. A 2019 da 2020 ƙauyuka da yawa na Batsari da Safana sun sha harin 'yan bindiga, mutane su ka bar gonakinsu su ka gudu zuwa garin Batsari da birnin Katsina. Wanda bai sami abin da zai ba ɗansa ba, ba mai cewa ya fara da kare. Ɗa yana gaba, ba gardama. Amma mu lura da abu biyu.

Na ɗaya, kula da kare kula da yaro ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kusan 4 cikin 10 kuwa yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan dukansu daga kare su ka samu. Tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya gwada allurar da ke ceton wanda a ka ciza, duk da haka har yau in alamun ciwon sun bayyana, da ƙyar ƙwarai a ke tsira. In an yi wa karnuka 7 cikin 10 na gari allura, ciwon ya kan rasa hanyar yaɗuwa. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya ga maganin gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, ba wanda a ka tilasta wa kiwon kare. In ka san ba za ka iya ba, kada ka karɓi kwikwiyon, ba laifi a kanka. In ka riga ka karɓa, hali kuma ya sāke, nemi wanda zai riƙe shi. Kada ka kore shi ya shiga yawon juji, ya zama haɗari ga 'ya'yan maƙwabta. In kuma ya tsufa, haƙoransa sun zube, ba ya iya bin zomo, ka tuna da daren da ka yi barci don yana waje.

Kare ba zai kai ka ƙara wurin mai gari ba, ba shi da dangin da za su tsaya masa. Saboda haka ne yadda mutum ya ke yi da shi ya ke nuna ainihin halinsa, gama kowa ya iya kirki ga wanda ya ke tsoro. Yau da yamma, kafin ka shiga ɗaki, duba kwanon ruwan nan. In kuma ba ka tuna ranar da a ka yi masa allura ba, tambayi malamin dabbobi ran kasuwa mai zuwa.