Hukuncin Goge Jijiyoyin Fuska da Hasken Lesa

Jijiyoyin da ke fitowa a fuska ƙananan hanyoyin jini ne da suka buɗe dab da saman fata, sai a riƙa ganinsu kamar zare ja a kumatu da gefen hanci. Wasu gado ne, wasu kuma zafin rana da shekaru ke kawo su. A ƙasar Hausa akwai wani sanadi babba, wato man bilicin mai ɗauke da sinadarin siteroyid, wanda ke cinye kaurin fata har abin da ke ƙarƙashinta ya bayyana. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Garuruwa irin su Kankiya da Kusada ba su tsira ba, domin mayukan suna isa shagunan kayan kwalliya da kasuwannin mako.

Tushen maganin lesa bincike ne da Rox Anderson da John Parrish suka wallafa a Amurka a 1983. Na'urar tana harba haske mai launi ɗaya wanda jan sinadarin jini ke zuƙa, sai jijiyar ta yi zafi ta toshe, jiki ya shanye ta a hankali. Baƙar fata ma tana zuƙar hasken, shi ya sa take saurin ƙonewa ko barin tabo. Don haka likitoci suka fi zaɓar mata na'urar Nd:YAG mai tsawon zango nanomita 1064. Aiki ne na ƙwararren likitan fata. Mutumin Kusada ko Kankiya yakan fara da Babban Asibitin Kankiya, daga nan a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano domin ganin ƙwararru.

Tambayar farko ta addini ita ce ko goge jijiyoyin da lesa canza halittar Allah ne. Aya ta 119 a Suratun Nisa'i ta jingina canza halitta ga umurnin Shaiɗan, kuma hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya tsine wa masu zanen jiki da masu yin wushirya don ƙawa. Amma malamai sun bambanta ƙara kyau da gusar da aibi. Hujjarsu ita ce labarin Arfajatu ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya. Ya sa hancin azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umurce shi da ya sa na zinariya. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito shi. A kan wannan tafarki Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke hukunci a zamanta na Putrajaya, Maleshiya, a 2007: ya halatta a gyara aibin haihuwa ko wanda cuta ko ƙuna suka jawo, bai halatta a sauya lafiyayyar siffa don son zuciya ba. Jijiyar da ta buɗe larura ce, goge ta kuwa mayar da fata ne ga asalinta.

Tambaya ta biyu ta shafi wuta. Lesa ƙonawa take yi, don haka tana da dangantaka da lalas da sakiya na gargajiya. An ruwaito cewa Annabi (SAW) ba ya son magani da wuta, an kuma ruwaito ya yi wa Sa'adu ɗan Mu'az lalas a kan rauninsa. Malamai sun daidaita ruwayoyin da cewa ana yi idan akwai buƙata, ana ƙi idan akwai magani mafi sauƙi.

Halaccin yana da sharuɗɗa. Dole amfanin ya rinjayi cutar, mai aikin ya zama likita masani, a kuma bayyana wa mara lafiya haɗarin kafin ya amince. Mace ta fi dacewa ta duba mace idan an samu. Kada a kashe kuɗin abinci ko na makarantar yara saboda fuska, kada kuma a ci bashin da ya fi ƙarfin gida.

Sharaɗi mafi nauyi yana kan wadda bilicin ya jawo mata larurar. Ba a hana ta magani don ita ta jawo wa kanta, domin ƙofar tuba da ta neman lafiya duk a buɗe suke. Sai dai wajibi ne ta rabu da man, bisa shawarar likita, saboda yanke siteroyid farat ɗaya yakan tayar da ƙuraje da ƙaiƙayi. Idan ta goge jijiyoyin don ta ci gaba da shafawa, sabbi za su fito, fatar ta ƙara lalacewa, kuma maganin ya zama mataimaki ga cutar da kai, abin da shari'a ta haramta. Nan ne aikin limamai, malaman Islamiyya da ma'aikatan lafiya da Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Kankiya ke yayewa ya haɗu: su sanar da mutane cewa launin da Allah ya halicce su da shi ba cuta ba ne, kuma neman magani ga fatar da ta lalace ba zunubi ba ne.