Hancin Arfaja da Ƙashin da Na'ura ta Ƙera

  

Ya 'yan'uwa Musulmi, mu a nan Filinge da ƙasar Kurfai mun saba da maɗori, wanda ke haɗa karaya da karare da tsumma. To amma idan ƙashin ya ruɓe ko ya farfashe, kamar yadda muke gani a haɗarin babur, babu abin da zai ɗora. A yau likitoci suna ɗaukar hoton ƙashin, kwamfuta ta fitar da siffarsa, sannan wata na'ura ta narka garin ƙarfe tana jera shi hawa bisa hawa, kamar ginin rumbu, har madadinsa ya fito daidai da jikin mai shi. A shekarar 2011 an sanya wa wata tsohuwa mai shekara 83 a Holan muƙamuƙi irin wannan, wanda aka ƙera a Beljiyam.

Wani zai ce: ashe wannan ba canza halittar Allah ba ne, alhali aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta jingina hakan ga Shaiɗan? Muna ganin ba shi ba ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa an sare hancin Arfaja ɗan As'ad a wani yaƙi na jahiliyya, ya sanya na azurfa ya yi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi da ya sanya na zinariya. Ku duba fa, zinariya ce, wadda aka haramta wa maza! Mayar da abin da ya salwanta magani ne. Abin da aka hana shi ne sauya lafiyayyar halitta domin ƙawa. Ita na'urar kuwa ba ta halicci kome ba, awon da Mahalicci Ya riga Ya yi take bi.

Abin da ya fi damun mu dabam yake. Hancin Arfaja aikin maƙeri ne, kuma kowane gari yana da maƙeri. Wannan kuwa sai an kai Yamai, tafiyar kilomita wajen 180, daga can ma galibi sai ƙasashen waje. Manomin da ya sayar da sa da gerin cin iyalinsa bai ko kama hanyar kuɗin ba. Malamanmu sun ce neman ilimin likitanci farilla ce ta kifaya, wadda idan babu mai ɗauke ta, laifin yana kan al'umma baki ɗaya. Ɗalibai nawa zakkar attajiranmu ta tura karatun wannan aiki?