Ruwan Tiga: Wa Ya Sha, Wa Ya Biya?

In aka tara mu, mu 'yan makaranta, aka ce kowa ya faɗi abin da ya taɓa kyautata masa rayuwa, na san irin amsoshin da za a ji. Wani zai ce malamin da ya buɗe masa ido, wani ya ce littafi, wani kuwa ranar da sunansa ya fito cikin waɗanda suka sami jami'a. Duk gaskiya ne. Amma ni mutumin kudancin Kano ne, a wajenmu kuwa in ka yi wa dattijo wannan tambaya, da wuya amsarsa ta wuce ruwa. Saboda haka a kan ruwa zan yi magana, don in kai ga wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau shin ya kamata mu kira abu alheri tun ba mu binciki wanda ya biya kuɗinsa ba?

Kogin Kano daga tsaunukan wajen Jos ya taso. Ya ratso ƙasar Doguwa da dajin Falgore, ya gangaro ta Tudun Wada, sai aka tare shi a Tiga cikin ƙasar Bebeji. An yi aikin madatsar daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da farin nan mai tsanani ya kashe dabbobi ya ƙone amfanin gona a ƙasar Hausa da makwabtanta. Tafkin da ya taru ya kai murabba'in kilomita 178. Daga nan aka ja ruwa ta magudanai zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, da niyyar a shayar da hekta 22,000 a kashin farko. Sauran ruwan ya bi kogi, kuma daga cikinsa ne ake tace wanda birnin Kano ke sha a Tamburawa. Watau mai karatu, in a Kano kake zaune, mai yiwuwa ne da ruwan Tiga ka wanke fuska yau da safe.

To, me ruwan nan ya sake a rayuwar mutane? Galibi in an tashi ba da amsa sai a shiga lissafin buhunan shinkafa da alkama da kwandunan tumatir. Ni a ganina babban abin ba a cikin buhu yake ba. A da, da zarar an gama girbi an kai amfani rumbu, magidanci ba shi da sauran aiki sai ruwa ya sake faɗuwa, wata shida ko bakwai ke nan. Sai ya naɗe tabarma ya tafi cin rani, ya yi dako ko ga-ruwa ko gadi a Kano ko Kaduna ko Kurmi, ya kwana a tasha ko a zauren wani. Mutumin da a garinsu ake durƙusa masa, a can yaro ƙarami ke kiransa da "kai". Gida kuwa an bar mace da yara da ɗan abin da ke rumbu. In an yi haihuwa ba ya nan, in an yi rasuwa sai labari ya iske shi bayan an share makoki. Noman rani ya ba mutum damar zama a garinsu shekara ta zagayo yana da abin yi. Na san gidajen da yaran farko suka tashi ba su san ubansu da rani ba, ƙannensu kuwa suka tashi yana raka su makarantar allo. Wannan ba ya shiga ma'auni, amma duk wanda ya tashi a irin gidan ya san nauyinsa.

Haka nan a bakin tafkin, wajen Bebeji da Tudun Wada, waɗanda kakanninsu ba su taɓa riƙe koma ba sun zama masunta. Daga baya kuma, tun daga shekarun 1980, ɗan injin ban-ruwa ya kori jigo, har manomin Kiru da magudanar gwamnati ba ta isa gonarsa ba ya sami yadda zai shayar da albasarsa a fadama. Duk wanda ya tsaya a Kwanar Ɗangora da rani ya ga motocin kayan gwari suna wucewa ya san ba tatsuniya nake yi ba.

Sai dai ruwan da ya kwanta a Tiga a kan gonakin mutane ya kwanta. Dubban mutane aka tasa daga garuruwansu, suka bar gidaje da itatuwan ɗorawa da kukoki da kaburburan iyaye a ƙarƙashin ruwa. Ana iya biyan diyyar ɗaki, amma ban san farashin kabarin uwa ba. Abin da ya fi ɗaure kai kuma, su da aka tasa suna sama da madatsa, gonakin da ake shayarwa kuwa suna ƙasa da ita.

Akwai kuma waɗanda suka biya alhali ba su ma taɓa ganin Tiga ba. Kogin Kano ya haɗu da na Challawa ya zama Kogin Haɗejiya, ya nufi gabas. Tun kaka da kakanni, kowace damina ruwa kan cika ya malale fadamun da ke tsakanin Haɗejiya da Nguru. In ya janye, sai ya bar danshi da taki. Manomi ya girbe shinkafa ya shuka wake ko alkama a bayanta, masunci ya kama kifi, Bafillatani ya sami ciyawa da rani. Ba wanda ya gina musu wannan, ba kuma wanda ke karɓar kuɗin ruwa. Da aka tare kogi a Tiga, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ga kuma ƙarancin ruwan sama, sai malalar ta ragu ƙwarai. Maimakon ruwa ya zo da ƙarfi da damina ya ɗauke da rani, sai ya koma tsiyaya shekara duka. Irin wannan tsiyaya ita ciyawar kacalla ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama masaukin jan-baki mai cinye hatsi. Wani gari ruwa ya daina zuwa, wani kuma ya zo ya ƙi tafiya. Lokacin da aka gina madatsar, Haɗejiya cikin Jihar Kano take. A 1991 aka yanke Jigawa, sai mai sha da mai biya suka zama ba gwamna ɗaya suke kai wa kuka ba.

Na san abin da wani zai ce mini, don an sha faɗa mini shi a ɗakin kwana: ai ba a yin gyara sai da ɓarna, in waɗanda suka amfana sun fi yawa, magana ta ƙare. Wannan ra'ayi yana da asali. Wani masanin falsafa na Ingila, Jeremy Bentham, wanda ya rasu a 1832, a kansa ya gina koyarwarsa, cewa a auna kyawun aiki da yawan jin daɗin da ya jawo wa mafi yawan jama'a. Ban raina wannan ma'auni ba, gwamnati ba ta iya aiki ba tare da irinsa ba. Amma yana da rami. Mai lissafi yana tara riba da hasara a takarda ɗaya ya ɗebe wannan daga wancan, alhali a duniya ba aljihu ɗaya suke shiga ba. Ribar manomin Kura ba ta sa tukunya a murhun masuncin Nguru. Ban da haka ma, masana tattalin arziki da suka zauna suka yi lissafin a shekarun 1990 sun gano cewa, in aka bi yawan ruwan da kowane ɓangare ke sha, fadamar ta fi gonakin magudana ba da amfani. Abin da ya sa ba a gan shi da wuri ba shi ne kifin da aka ci a gida da itacen da aka ƙona da nonon da aka sha ba su bi ta ofishin kowa ba.

Kada a ɗauka cewa nake da ba a gina Tiga ba. Ni kaina da kuɗin albasar rani aka saya mini littattafan sakandare, kuma ba zan ci tuwo in zagi tukunya ba. Abin da nake cewa shi ne alheri ne mai bashi a kansa, kuma wanda ya sha shi ya fi cancanta ya fara ambaton bashin. Hanyar biya ma ba ɓoyayya ba ce. Masana ruwa sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa mai yawa daga madatsun biyu da damina, a kwaikwayi malalar da, a rage tsiyayar rani, a yashe hanyoyin da kacalla ta toshe. Wannan aikin Hukumar Kogunan Haɗejiya da Jama'are ne, wadda aka kafa a 1976, amma hukuma takan fi jin muryar wanda ke kusa da ita. Manomin sama kuwa yana iya rage ɓarnar ruwa a gonarsa, don na sha ganin magudana a buɗe ruwa na kwarara cikin daji dare guda cur, mai gonar yana gida yana barci.

Mu ma da muka ce karatu ne ya gyara mana rayuwa, tambayar ba ta tsallake mu ba. A gidaje da yawa na wajenmu, kafin ɗa ɗaya ya zo jami'a an sayar da sa, ko an jinginar da gona, ko an ce wa ƙanwarsa ta haƙura da firamare. Ranar bikin saukar karatu ba a kiran sunanta.

A cikin ƙungiyar nan tamu akwai 'yan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, akwai kuma 'yan Haɗejiya da Guri da Nguru, muna cin abinci a kwano ɗaya, amma ban taɓa jin mun zauna mun yi zancen kogin da ya haɗa mu ba. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa shi cikin muhawarorin zangon nan, a kuma bar 'yan ƙasan kogi su fara magana.