Mai Ciyar da Barewa Don Ya Harbe Ta: Makiyayi Ne Ko Maci Amana?

A hutun da ya wuce na je gida, wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni, na tarad da kakana yana shafa wa tsohuwar bindigarsa ta toka mai, bindigar da rabonta da tashi tun ban yi wayo ba. Da yake akwai wasa tsakanin jika da kaka, sai na ce masa, "Tsoho, wahalar me kake yi, alhali kun riga kun cinye dajin?" Ya harare ni ya ce, "Kai ɗan boko, mu muka cinye shi, ko gonakin iyayenka?" Daga nan hira ta ɓarke, har na ba shi labarin abin da na karanta game da mafarautan Amurka, watau yadda mutum kan sayi daji ko ya yi hayarsa, ya share wani yanki ya shuka masara, ko waken suya, ko ma wake irin namu, ba don ya girbe ba, sai don namun daji su zo su ci su yi ƙiba su hayayyafa, in lokacin farauta ya zo ya harbi wadda ya zaɓa. Tsohon ya yi shiru can, sa'an nan ya ce, "Wannan ai ba farauta ba ce, cin amana ne. Wanda ya ci abincinka ya zama baƙonka."

Wannan magana ita ta biyo ni har makaranta ta hana ni sakat, ita ce kuma nake so in shimfiɗa a gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu. Shin mutumin da ya ciyad da dabbar daji da nufin ya kashe ta wata rana, makiyayi ne ko maci amana? In kuwa maci amana ne, to, mu da ba mu ciyar ba, ba mu ƙirga ba, muka kashe har ta ƙare, wane suna ya dace da mu?

Ba baƙuwar magana ba ce a ƙasarmu. Masu tarihin baka suna cewa mafarauta ne suka fara zama a Kazaure, har ma wai sunan garin ya samo asali ne daga wani maharbi da ya ga wuri tsakanin duwatsu ya ce kamar zaure. Kakana ya ce da ƙuruciyarsa mutum ba ya tafiya daga Roni zuwa Gwiwa da rani bai tayar da barewa ko gada ba, balle zomo da zabin daji. Gonaki suka yi ta cin daji, aka yi farin 1973, aka sake na 1984, bindiga ta yawaita, ga ƙunar daji kowace shekara. Ni dai da nake rubutun nan ban taɓa ganin barewa tana gudu a dajinmu ba. Guda ɗaya da na gani ido da ido, a tsakar gidan wani attajiri take, da igiya a wuya, tana cin dusa tare da tumaki. Mafarautan yanzu kuwa sai sun cika mota sun nausa wata uwa duniya. Ba mu manta da mutum 16 da aka kashe a Uromi ta Jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, mafarauta 'yan Jihar Kano da ke kan hanyarsu ta komowa gida salla daga kudu. Da dajin gida yana da nama, da wuya mutum ya kai kansa can.

Dabbar da Amurkawa ke yi wa wannan hidima ba barewarmu ba ce sak. Namijinta yana da ƙaho mai rassa wanda yake faɗuwa ya sake tsirowa duk shekara, amma zan kira ta barewa don rashin sunan da ya fi kusa. Su ma sun taɓa kai ta bakin ƙarewa. Ana ƙiyasta cewa wajen shekarar 1900 abin da ya rage bai wuce 500,000 ba, yau kuwa ana maganar wajen miliyan 30. Abin da suka yi shi ne, suka hana farautar kasuwa, suka yanka wa farauta lokaci, suka ƙayyade yawan da kowane mai lasin zai kashe, maza nawa, mata nawa. A 1937 kuma suka yi dokar da ta ce harajin bindigogin farauta da harsasai a riƙa kashe shi wajen raya namun daji. Gonar barewa da na ba kakana labari reshe ce kawai daga wannan babban tsari.

To, mu koma kan cin amana. Amsar da ta fara zo mini ita ce ta ragon layya. Muna saye shi tun da sauran watanni, mu ba shi harawa da ƙowa da kanwa, mu yi masa wanka, yara su sa masa suna, ran salla mu kwantar da shi. Ban taɓa jin malamin da ya kira wannan cin amana ba. Ashe ciyar da dabba da niyyar cin namanta ba shi ne laifin ba, in ba haka ba duk makiyayin da ke duniya ya shiga uku. Na faɗa wa kakana haka ina jin na kayar da shi. Sai ya ce, "Rago ai ya san turkensa. Barewa kuwa ba ta yi alkawari da kowa ba. Abin da ya halatta maka namanta shi ne ka bi sawunta, ta ji ƙanshinka, ta gudu, in Allah ya ba ka sa'a ka samu. Wanda ya ci zomo ya ci gudu."

Na daɗe ina juya wannan amsa, kuma na yarda akwai gaskiya a cikinta. Abin da tsohon ke karewa shi ne damar tsira. Farauta gwajin wayo ce tsakanin halitta biyu, in aka cire wa ɗaya dukkan hanyar kuɓuta, abin ya tashi daga farauta ya koma yanka daga nesa. Masu fiƙihunmu ma sun duba niyyar maharbi, domin a Risala ta Ibn Abi Zaid an karhanta farautar da aka yi don wasa kawai, aka halatta wadda ba ta wasa ba. Mutumin da ya zuba tarin masara a gindin bishiya, ya hau sama ya zauna, ba yunwa ba, ba neman abin cefane ba, sai don ya sami ƙahon da zai kafa a bangon ɗakinsa, ba na jin zan iya kare shi. Su kansu Amurkawan sun ga bambancin, don a jihohi da dama an hana zuba hatsi a harbi dabba a kansa, amma an bar shuka gona. Wani dalilinsu na lafiya ne: tara dabbobi baki da baki a wuri guda yana yaɗa wata cuta mai ramar da su har su mutu, wadda aka fara ganewa a Kolorado a 1967. Amma ni ina ganin ko ba cuta akwai bambanci. Tarin hatsi dabba ɗaya yake kira zuwa ga ajalinta a dare ɗaya. Gona kuwa tana ciyar da uwa da ɗa, da wadda za a harba da wadda ba za a taɓa gani ba, wata da watanni.

Wani abin dariya, ana cikin hirar sai kakata ta leƙo daga ɗaki ta tona masa asiri. Ta ce shi da bakinsa yake hana a roro waken kunyoyin ƙarshe na gonar da ke jikin dutse, in an kwana biyu ya je can ya yi kwanto da farin wata. Ya ce ai wannan dabara ce. Ashe abin da Bature ya yi cin amana ne, in tsoho ya yi dabara ce!

Amma a ganina ciyarwa ba ita ce zuciyar maganar ba. Ƙirga ita ce. Akwai wani tudu a Arizona da ake kira Kaibab, wanda gwamnatin Amurka ta keɓe a 1906 don tausayin barewa. Aka hana harbinta, aka bi zakunan tsauni da kyarketai da diloli aka karkashe. Barewa ta yi yawa har ta cinye ganye da tsiro, wajen tsakiyar shekarun 1920 kuwa dubbai suka mutu da yunwa. Wannan tausayi ne da ba a haɗa shi da lissafi ba. Mu kuma namu ciwon kishiyar wannan ne. Maharbinmu yana cewa nama rabo ne, in ya gani bai harba ba wani zai harba gobe. Gaskiya ne arziki na Allah ne, amma ba mu taɓa jin manomi ya daka irin shukarsa ya yi tuwo ya ce baɗi rabo ne ba. Barewarmu tana ɗaukar ciki wajen wata 6, ɗa guda take haifa. Mu ƙaddara mata 10 ne a wani daji. Ko da kowace ta haihu, dila da yunwa suka ɗauki rabonsu, 'ya'yan da za su girma ba su da yawa, rabinsu kuma maza ne. In gayyar farauta ɗaya, da karnuka da gora da wuta, ta kashe mata 4 a yini guda, to, ta ci uwar kuɗi ne ba riba ba. A yi haka rani uku, sai labari. Saboda haka mutumin da ya san yawan dabbobin da ke dajinsa, ya ga mace a gabansa ya sauke bindiga ya koma gida hannu rabbana don lissafi bai ba shi ita ba, ko da son kai ne ya sa shi, ya fi mu riƙon amana. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, ba wanda ya ce mai wankin munafuki ne.

Doka ba ita muka rasa ba. Tun a 1963 tsohuwar Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji, a 1985 gwamnatin soja ta ƙara da doka mai lamba 11 ta kare dabbobin da ke shirin ƙarewa. An keɓe Yankari tun 1956. Sai dai takarda ba ta ƙirga barewa, kuma maharbin ƙauye bai taɓa jin cewa dokar tasa ba ce.

Akwai wata suka da ta fi ta kakana nauyi, wadda wani abokina ɗan Babura ya yi mini a ɗakin kwana. Ya ce, "Malam, a garinmu gonar gado ana raba ta har ta koma kamar tabarma, burtali ya toshe, makiyayi da manomi suna hararar juna. Kai kuma ka zo da zancen noma wa barewa wake?" Ba ni da bakin musa masa. Ƙasar da yaro ke kwana da yunwa, shuka wa naman daji abinci alfasha ce. Daɗin daɗawa, in aka kwaso tsarin Amurka yadda yake, ƙarshensa mai kuɗi ya saye daji ya zagaye da waya, talakan da kakanninsa suka yi farauta a wurin ya zama ɓarawo in ya tsallaka. Musulunci ya san keɓe makiyaya, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, amma don amfanin jama'a aka yi, ba don shaƙatawar mutum ɗaya ba.

Abin da na ce wa abokin nawa shi ne, gonar barewa a ƙasarmu ba sai an yi mata huɗa ba, itatuwa ne. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, bai tare wa gero rana ba, da rani kuma ya yi ganye ya zubo 'ya'ya daidai lokacin da ciyawa ta ƙare. Haka aduwa da magarya da kanya suke ciyar da akuya da gada da yaro mai kiwo gaba ɗaya. Maƙwabtanmu na Maradi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun koma barin tohon kututture a gonakinsu maimakon sassabe shi, abin da suke kira sassabin zamani, har ana ƙiyasta filin da ya farfaɗo da kadada miliyan 5. Ba don namun daji suka yi ba, don itace da taki da abincin dabbobi ne, amma inuwa ba ta tambayar wanda ya fake. Duwatsun Roni da na Kazaure kuwa, inda garma ba ta shiga, ba wanda za a ƙwace wa gona in an ce a daina sara da ƙuna a cikinsu. Sarautun Sarkin Dawa da Sarkin Baka suna nan ba su mutu ba, kuma maharbi ya fi jin maganar shugabansa da ta ma'aikacin da ya zo daga birni da takarda.

Ranar da zan komo makaranta na sake tsokanar tsohon. Na ce, "Da a ce barewa za ta dawo dutsen nan, Sarkin Dawa ya ce shekara biyar kada wanda ya harbi mace, za ka iya?" Ya ce shi zai iya, don idonsa ma ya daina ganin nesa. Sa'an nan ya nuna mini samarin da ke wucewa da karnuka shida za su dajin Gwiwa neman gafiya, ya ce in je in tambaye su.