WAƘAR AMANAR YARA DA SHARHINTA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa na Wad Madani da Mai Wurno da sauran ƙauyukan Jazira, ga 'yan baitoci a kan wayar hannu da ƙananan yara.

Na fara da sunan Rabbu Mai baiwa duka,
Tsira ga Manzo, mai tausayin yara.

Ya ku iyaye, zuciyar ɗa allo ce,
Rubutun farko shi ke wuyar gyara.

Kun ba shi waya don a huta da kukansa,
Kuka ya tafi, ciwo kuka ƙara.

SHARHI: Ku sani ban zo da zargi ba. Tun da yaƙi ya shigo Madani a Disamba 2023, har sojoji suka karɓe ta a Janairu 2025, iyaye mata da yawa sun tsare yara a ɗaka, suna ba su waya don su yi shiru. Wannan uzuri ne, Allah Ya san shi. To amma larura takan wuce ta bar sabo. Yanzu sai ka ga yaron da bai kai shiga makarantar allo ba, in aka karɓe wayar ya yi ta birgima, a kira sunansa sau uku bai waiwayo ba. Dalili kuwa shi ne, hoton waya yana canzawa da gaggawa, zuciyar da ta saba da shi ba ta iya haƙurin zama gaban allo tana maimaita aya ɗaya. Likitoci ma sun yi ittifaƙi da mu: a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuwa kada ya wuce awa 1 a yini.

Ku sake shi ya je dandali ya taka ƙasa,
Ya gina san laka da motar kara.

Manzo ya daɗe a sujuda don jikansa,
Wa ya fi shi sanin haƙƙin yara?

SHARHI: Wasa haƙƙin yaro ne a Shari'a. Ya inganta cewa jikan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hau bayansa yana sujuda, sai ya tsawaita ta har yaron ya sauka don kansa. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yi wasa da 'yan tsana tare da ƙawayenta, bai hana ta ba. Imamu Gazali a cikin Ihya'u ya yi umarni a bar yaro ya yi wasa bayan karatu, don hana shi yana kashe zuciyarsa. Karan dawa yana nan a hawasha, laka tana nan, langa da gaɗa da 'yar ɓuya ba a sayen su da kuɗi. Kada ku tsara masa wasan, ku bar shi ya gina ya rushe, ya yi faɗa da sa'ansa su shirya. A nan yake koyon dabara da haƙuri. Sharaɗi biyu kawai: a nisanta su daga magudanan ruwan gona saboda nutsewa da tsargiya, a kuma hore su kada su taɓa baƙon ƙarfe da yaƙi ya bari a ƙasa.

Bayan isha, kaka ta ba shi tatsuniya,
Harshen gida, gadon da ya saura.

Uba, ka fara aje taka a aljihu,
Da sawunka, ba faɗanka, ɗa ke lura.

SHARHI: Kakanninmu sun baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu kuma sun taso da niyyar Hajji. Suka taka ƙasa wata da watanni, suka iso mana da Alƙur'ani da harshen Hausa. Larabci yaro zai same shi a makaranta da kasuwa, amma Hausa sai a bakin uwa da kaka. In waya ta cinye daren tatsuniya, wa zai ba shi? Baiti na ƙarshe kuwa da kaina na fara. Na idar da wazifa na ciro waya, sai na ga jikana ya ɗauki guntun katako ya kanga a ido yana shafawa da yatsa. Kunya ta kama ni. Saboda haka nake roƙon kowane maigida ya ɗauki abu uku: ba waya a kan akushi, ba waya a shimfiɗar yaro, ba waya tsakanin magariba da isha. Yaro zai yi kuka kwana biyu ko uku, ku daure, zai koma wa 'yan'uwansa.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu ikon sauke amana. Amin. Tammat bi hamdillahi.