Hukuncin Karen Da Ke Neman Nakiya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa matasa, wani yaro ya tare ni bayan sallar Isha'i, ya ce an ɗauke shi aikin ɗan sanda, an kuma tura shi sashen karnuka. Tun daga ranar abokansa suka daina cin abinci a kwano ɗaya da shi, har wani ya ce masa sallarsa ba ta yi. To, wannan magana ba ƙarama ba ce, domin an taɓa mutuncin Musulmi da abincinsa ba tare da hujja ba. Kuma addini da hujja ake yin sa, ba da "haka muka taras" ba.

Bari mu fara da aikin kansa. Sojojin Tarayyar Sobiyet sun shiga Afganistan a 1979, suka fita a 1989, aka bar ƙasar cike da nakiyoyi a binne: a gona, a hanyar rijiya, a makiyaya. Nakiya ba ta san an yi sulhu ba. Shekara ashirin tana nan kwance, ranar da manomi ya taka ta, ƙafarsa ta tafi. Na'urar neman ƙarfe tana taimakawa, amma kowane guntun harsashi da tsohuwar ƙusa sai ta yi ƙara a kansa, ga shi kuma wasu nakiyoyin jikinsu roba ne, ƙarfen ciki kaɗan. Shi kuwa kare ba ƙarfe yake nema ba. Warin sinadarin fashewa da ke tsatsowa ta cikin ƙasa yake shinshinawa. In ya ji, an koya masa kada ya tona, sai ya zauna kawai ya jira mai shi. Ladansa ƙwallo. A 1989 ɗin aka kafa cibiyar irin waɗannan karnuka domin Afganistan, kuma masu riƙe igiyarsu Musulmi ne 'yan ƙasar, masu salla kamar ni da kai. Mu ma da muka ga abin da bama-baman da ake binnewa suka yi a hanyoyin Borno, ba ma bukatar dogon bayani.

To me Shari'a ta ce? Hadisi ingantacce ya nuna wanda ya ajiye kare ana rage masa lada kullum, sai dai karen farauta, ko na kiwo, ko na gona. Ku duba ukun nan da kyau. Me ya haɗa su? Bukata. In an yarda ka ajiye kare don kada kura ta ci maka tunkiya, yaya za a hana ka ajiye shi don kada nakiya ta ci ɗanka? A aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, Allah Ya halatta abin da karen da aka horar ya kamo wa mai shi. Wato koyarwa ce ta bambanta shi da karen bola. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai Risala da kakanninmu suka karanta a zaure, an ruwaito katangar gidansa ta faɗi, ya ajiye kare don tsaro. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi haka, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye.

Maganar najasa kuwa, a mazhabar Malik kare mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai bin umurni ne kawai. Shafi'i da Ahmad sun ce najasa ne. Ko ka bi su, abin da ke kanka ka wanke, ka keɓe tufafin salla, kada ka shigar da shi ɗakin kwana. Ba wanda ya ce ka fita daga Musulunci.

Amma akwai inda nake jin tsoro, kuma na gaya wa yaron nan ƙiri-ƙiri. Igiyar da ke hannunka amana ce. A 1963, a garin Bamingham na jihar Alabama, 'yan sandan Amurka sun cuna karnuka kan baƙar fata masu neman haƙƙinsu, har da yara 'yan makaranta. A 2004 duniya ta ga hotunan kurkukun Abu Guraib a Iraƙi, ana tsorata fursunoni tsirara da karnuka. Wallahi ranar hisabi ba karen za a tambaya ba. Shi bai san mai laifi ba, inda aka nuna masa nan yake faɗawa. In aka ce ka shinshina kaya a tasha don neman bam ko ƙwaya, bismilla. In aka ce ka sake shi kan wanda aka riga aka ɗaure, ko kan talakawa da suka fito kuka da yunwa, to babu biyayya ga mahaluki a saɓon Mahalicci, ko da kakin zai tafi.

Shi ma karen yana da haƙƙi a kanka: ruwansa, inuwarsa, maganinsa, kada ka aikatar da shi cikin zafin rana har ya galabaita. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin wata karuwa da aka gafarta mata saboda ta ɗebo ruwa da takalminta ta shayar da kare mai ƙishirwa, alhali wannan karen bai taɓa yi mata aikin komai ba.