Yabon Kai ko Shaida? Takardar Neman Aiki a Ma'aunin Addini

Bahaushe ya ce yabon kai jahilci, kuma a kan wannan aka rene mu, har ta kai idan ka tambayi gwani ko ya iya sana'arsa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Muna dai taɓawa." A zaure wannan ɗabi'a ado ce, domin kowa ya san kowa, kuma aikin mutum yakan riga bakinsa isa kunnen jama'a. Amma ɗauki matashi a Kano ko Damagaram wanda ya ƙware a harkar kwamfuta, ya ga sanarwar wata makarantar ƙasa da ƙasa a Doha ko Dubai tana neman wanda zai riƙe mata na'urori da hanyoyin sadarwa. A can babu wanda ya san mahaifinsa, babu wanda ya taɓa ganin aikin hannunsa. Shafi biyu na takarda da ganawa ta bidiyo su ne za su tsaya a madadinsa. Idan ya ce yana dai taɓawa, an wuce shi. Idan ya lissafa abin da ya iya, sai zuciya ta tuna masa cewa Suratun Najmi ta hana mutum tsarkake kansa. A ganina abin da yake rubutawa a wannan takarda shaida ce, kuma hukuncin shaida ne yake hawanta: ƙari a cikinta zur ne, ɓoye abin da ake buƙata kuma tauye haƙƙi ne.

Kafin a yi hukunci sai an san aikin. Makarantar ƙasa da ƙasa ta Janeba, wadda aka buɗe a 1924, tana cikin na farko a wannan tsari, kuma a birnin ne aka kafa manhajar International Baccalaureate a 1968. Yau irin waɗannan makarantu sun kai dubbai, suna bin wannan manhaja ko ta Cambridge ko ta Amurka, kuma Sin da Indiya da Daular Larabawa suna cikin ƙasashen da suka fi tara su. Aikin fasaha a cikinsu hawa-hawa ne. Akwai mai gyaran na'urori, akwai mai kula da hanyar sadarwa da rumbun bayanai, akwai wanda yake zama da malamai yana koya musu amfani da na'ura a aji, sannan akwai shugaban sashen gaba ɗaya. Guraben ƙasa yawanci mazauna ƙasar ake ɗauka, a kan albashin gida. Manyan guraben ne ake ɗauko wa mutum daga waje, su ne kuma sukan zo da gidan zama da tikitin jirgi da gurbin karatun 'ya'ya. Ana tallata su ta kamfanoni irin su Search Associates da International Schools Services, ko a shafin Tes, kuma kakar ɗaukar ma'aikata takan kankama tun ƙarshen shekara domin a fara aiki a watan Agusta. To a nan Shaiɗan yake samun ƙofa. Wanda ya shekara biyar yana canza allon laftof a shago ya san ƙaramin gurbi ba zai kai shi ƙetare ba, sai ya ji sha'awar rubuta cewa ya taɓa riƙe hanyar sadarwar babbar ma'aikata.

Abin da mai wannan ƙari bai auna ba shi ne nauyin makullin da yake nema. Mai kula da kwamfutocin makaranta yana da kalmar sirri ɗaya da take buɗe akwatin imel na kowane yaro, da bayanan da ma'aikaciyar jinya ta ajiye kan wanda yake da farfaɗiya ko ciwon suga, da adireshin gida, da sunan wanda kotu ta hana shi zuwa ɗaukar ɗansa, da hotunan kyamarorin da suke kallon farfajiya. Shi ne yake tace abin da ɗan shekara tara zai iya gani a intanet. A ƙarshen Disamban 2024 aka gano cewa an kutsa cikin tsarin PowerSchool, wanda makarantu da yawa suke ajiye bayanan ɗalibai a ciki, ta hanyar bayanan shiga da aka sace, aka kwashi bayanan miliyoyin yara da malamai a Amurka da Kanada. Shekara goma kafin nan, a 2014, asirin William Vahey ya tonu: Ba'amurke ne da ya shafe shekaru kusan arba'in yana koyarwa a makarantun ƙasa da ƙasa a ƙasashe daban-daban yana lalata da yara, alhali tun yana saurayi kotu ta taɓa samunsa da irin wannan laifi a Kalifoniya. Tun daga lokacin makarantun suka tsananta bincike, suna neman takardar shaidar 'yan sanda daga ƙasashen da mutum ya zauna, suna kiran tsofaffin shugabanninsa a waya. Shugaban makarantar da yake yi maka tambaya a bidiyo matsayinsa ɗaya da na waliyyin da yake binciken mai neman auren 'yarsa. Amanar wasu ce a hannunsa, yana da haƙƙin a gaya masa gaskiya, kuma malamai irin su Imam Nawawi sun lissafa amsa irin wannan tambaya cikin wuraren da faɗin aibi ma ba ya zama giba.

Hujja mafi ƙarfi a kan halaccin bayyana ƙwarewa tana cikin Suratu Yusuf. Annabi Yusuf (AS) baƙo ne a Masar, bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, ya nemi sarki ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ambaci siffofi biyu na kansa: tsarewa da sani. Imam Ƙurɗubi ya ciro daga wannan aya cewa ya halatta mutum ya siffanta kansa da ilimin da yake da shi idan buƙata ta kama. Abin lura shi ne abin da Yusuf bai ambata ba. Ɗan annabi ne, jikan annabi, kuma labarin kyawunsa ya cika gari, amma bai kawo ko ɗaya ba, domin ba su da alaƙa da ajiyar hatsi na shekara bakwai. A Suratul Ƙasas kuma Annabi Musa (AS) ya isa Madyana yana ɗan gudun hijira, wani dattijo ya ɗauke shi aiki na shekara takwas ko goma, kuma ma'aunin da 'yar dattijon ta kawo wa mahaifinta shi ne ƙarfi da amana. Annabawa biyu, dukansu a baƙuwar ƙasa, dukansu an auna su da iyawa da riƙon amana. Daga nan iyaka take fitowa fili. Tsarkake kai da aka hana shi ne mutum ya yi iƙirarin daraja a wurin Allah ko fifiko a kan bayi. Wanda ya rubuta cewa ya ɗaura wayifai a gini mai hawa uku, ko ya kula da asusun ɗalibai ɗari biyar, labarin aiki yake bayarwa wanda za a iya bincikawa a tabbatar ko a ƙaryata.

Mai jayayya zai ce ai Manzon Allah (SAW) ya hana Abdurrahman bin Samura neman shugabanci, kuma ya hana Abu Zarri muƙami lokacin da ya roƙa. Wannan gaskiya ne, sai dai hadisan suna magana ne a kan mulkin jama'a, inda kwaɗayin kujera kansa alama ce ta haɗari. Ƙwadago kuwa babinsa daban a littattafan fiƙihu, kuma ba ya ƙulluwa sai wani ya gabatar da kansa. Duk da haka ban yarda a ture hadisin Abu Zarri gefe da sauri ba. Dalilin da aka ba shi shi ne yana da rauni, abin kuwa amana ne. Sahabi ne da aka yi wa shaidar gaskiyar harshe, amma tsoron Allah bai maye masa gurbin iya aikin ba. Saboda haka hadisin yana magana kai tsaye da mutumin kirki mai salla a sahun farko wanda ya san a ransa bai iya tsare rumbun bayanai ba, amma yana fatan zai koya idan ya isa. Koyo a kan aiki ba laifi ba ne idan an faɗa wa mai ɗauka, ya yarda. Idan an ɓoye, bayanan 'ya'yan mutane ne suka zama allon gwaji.

Jayayyar da ta fi wuyar amsawa daga talauci take fitowa, kuma ba na raina ta. Matashin zai ce maka filin ba daidai yake ba tun farko: ana duban fasfo ɗinsa da zargi, wasu makarantu sun fi son wanda ya fito daga Ingila ko Amurka ko da bai kai shi iyawa ba, kuɗin jarrabawar CCNA ta Cisco da dala ake biya, ga iyaye da ƙanne suna jiran tukunya. Kowa yana ƙara gishiri a takardarsa, don me shi kaɗai zai tafi da lami? Yawancin abin da ya faɗa haka yake. Amma a duba inda ƙarin yake ƙarewa. A Disamban 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya wallafa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna a aji ba, kuma a farkon 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Waɗanda suka yi karatun gaskiya a ƙasashen nan biyu sun shiga cikin zargin da ba su suka jawo ba. Haka abin yake a ƙetare. Duk wanda ya haddace amsoshin jarrabawa da aka sato ya karɓi satifiket, ya je ya tsaya gaban akwatin wayoyin sadarwa ranar jarrabawar ɗalibai intanet ta ɗauke ya rasa wace waya zai taɓa, ya rufe ƙofa ga mutum goma masu gaskiya da za su nema bayansa. Manzon Allah (SAW) ya sa hannu cikin tarin hatsin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya barrantar da mai algus daga al'ummarsa. Ya kuma kamanta mai nuna an ba shi abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafi biyu na ƙarya. Takardar da aka kumbura tarin hatsin nan ce, kuma albashin da ya biyo bayanta a kan siffar da babu ita aka ƙulla shi. Ko da manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta tsara maka jimlolin, sunanka ne a sama, kai za a tambaya.

Akwai kuma masu fakewa da rabo, su ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama, sai su tura takarda ɗaya mai kurakurai zuwa makarantu hamsin su koma jira. A hadisi an umarci wani mutum ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah, ɗaurin raƙumi a nan kuwa shi ne karanta manhajar makarantar, da sanin dokokin kare bayanai irin wadda Tarayyar Turai ta fara aiki da ita a 2018, da gwada ganawa kafin ranarta. Amfanin imani da rabo a wani wuri yake. Wanda ya tabbata arzikinsa ba zai wuce shi ba, shi ne wanda ba ya buƙatar ƙarya don ya riske shi.

Batun yi wa wanda ba Musulmi ba aiki ba ya buƙatar dogon zance. Sarkin da Yusuf ya yi wa aiki ba a kan addininsa yake ba, kuma Imam Buhari ya kawo a babin ƙwadago cewa Khabbab maƙeri ya yi wa Asi bin Wa'il aiki a Makka. Sharaɗin shi ne aikin kansa ya zama halal, addininka kuma ya tsira. A nan ma gaskiya tun farko ita ce mafita. A yawancin sassan Daular Larabawa tun Janairun 2022 Juma'a rabin yini ce a makarantu, amma a Turai da gabashin Asiya cikakkiyar ranar aiki ce. Wanda yake buƙatar awa ɗaya ya je masallaci ya faɗa kafin ya sa hannu a kwantiragi, kada ya ɓoye don tsoron a ƙi shi, ya je yana satar jiki duk mako.

Saura shaidu na biyu, waɗanda ba a cika yi musu wa'azi ba: shugabannin ma'aikatu da malaman jami'a da ake rubuta sunayensu a ƙarshen takarda. A wurinmu ana ɗaukar wasiƙar shaida tamkar alfarma, yaron gida ya zo ka sa masa hannu a kan abin da shi ya rubuta, ko ka ce ya yi shekara huɗu a ƙarƙashinka alhali wata shida ya yi. Wani kuma hassada ko kasala ta hana shi amsa imel ɗin makarantar, gurbi ya kuɓuce wa wanda ya cancanta. Ƙarshen Suratul Baƙara ya ɗora wa mai ɓoye shaida zunubin zuciya, kuma shaidar zur tana cikin manyan kaba'irai. Ranka ya daɗe, idan wayar nan ta shigo daga Doha ana tambayarka ko za ka amince wa wannan matashi da bayanan 'ya'yanka, ka ɗauka, ka faɗi abin da ka gani da idonka, ka tsaya a nan.